Ina zan samo zanen gidanmu na gado?

Ɗan Ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini da ta filaye.

Gidanmu na gado yana wani ƙauye a ƙasar Ringim, ba nisa da kogi. Kakanmu ne ya kafa shi tun kafin samun 'yancin kai a 1960. Ginin ƙasa ne, zaure biyu a jere sannan a faɗa cikin gida. Yanzu sassa huɗu ne: namu, inda Innarmu take da ƙannena tun rasuwar mahaifinmu, na Baffa, wanda shi ne babba a gidan yanzu, na wani baffan namu da ya rasu ya bar iyali, sai ɗan sashe a ƙurya inda Goggo take zaune tun da mijinta ya rasu ta dawo gida. Akwai rijiya a tsakar gida, turken dabbobi ta yamma, da rumbuna uku.

Ambaliyar 2022 ta taɓa mu ƙwarai. Ruwa ya kwanta a tsakar gida, katangar arewa ta zube, ɗaki biyu suka rufta, ɗakin Inna kuma ya tsage daga sama har ƙasa. Mun cike tsagar, mun yi yaɓe, amma duk damina sai ta sake buɗewa. Ni a Kano nake koyarwa, kuma in hadari ya haɗu da dare hankalina ba ya kwanciya.

Ƙanena da ke aiki a Fatakwal ya ce zai kawo abin da ya samu, ni ma in kawo nawa, mu rushe sashenmu mu tayar da na bulo. Ya yi magana da wani injiniya abokin aikinsa, shi kuma ya ce ba zai iya cewa komai a kan kuɗi ko yawan bulo ba sai an turo masa zanen gidan yadda yake a yanzu, da faɗin kowane ɗaki da inda ƙofofi suke. Na tambayi Baffa, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin gidan nan a takarda ba. Na leƙa sakatariyar ƙaramar hukumarmu, jami'in filaye ya karɓe ni da mutunci, ya duba, ya ce babu fayil da sunan kakanmu.

To ina ake samun irin wannan zane? Ko akwai ofishin da ke ajiye na tsofaffin gidaje, a Dutse ko a Kano? In babu, wa ya kamata in nema ya yi mana, kuma me zan tanada kafin ya zo? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ma'aikacin Safiyo:

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ƙara wa Inna lafiya.

Aikin safiyo na yi har na yi ritaya, kuma tambayar nan na sha jin ta. Zanen da kake nema babu shi a kowane ofishi, domin ba a taɓa yin sa ba. Kakanku da magininsa a ƙasa suka shata gidan, da taku da sanda, aka haƙa aka ɗora tubali. Ofis ba ya ajiye zanen gini sai wanda mai gida ya kai da kansa yana neman izinin ginawa. A Kano hukumar tsara birane, wato KNUPDA, ce ke karɓar irin wannan, a Jigawa kuma hukumomin tsara birane da ma'aikatar filaye da ke Dutse, kuma aikinsu ya fi ƙarfi a birane da sababbin unguwannin da aka yanka fuloti. Ko a cikin ganuwar Kano, yawancin tsofaffin gidajen gado ba su da zane a ko'ina. Don haka kada ka kashe kuɗin mota kana bin ofisoshi.

Amma bari in raba maka takardun, don mutane suna cakuɗa su. Akwai takardar mallaka. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke bayar da takardar da ake kira C of O, ƙaramar hukuma kuma tana bayar da izinin zama na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su birni ba. Wanda dokar ta tarar da shi zaune a gidansa na ƙauye, ta ɗauke shi tamkar an riga an ba shi wannan izini. Saboda haka rashin fayil da sunan kakanku bai raunana haƙƙinku ba ko kaɗan, kada abin ya dame ka. Sai zanen safiyo, wanda ke nuna iyakar fili kawai: kusurwoyinsa, tsawon kowane gefe, faɗinsa gaba ɗaya, da su wa ke maƙwabtaka da shi. Ba ruwansa da ɗakin wane ko ƙofar wance. Na ƙarshe shi ne zanen gini, mai nuna ɗakuna da kaurin bango da ƙofofi da tagogi kamar an ɗage rufin ana kallo daga sama. Shi injiniyan yake nema, kuma yin sa za ku yi sabo.

Wuri ɗaya nake so ka duba kafin nan: akwatin ƙarfe ko adakar da mahaifinku ke ajiye takardu. In an taɓa sayen wani yanki daga maƙwabci aka haɗe da gidan, sau da yawa akan sami 'yar takardar ciniki, wani lokacin da ajami, da sunayen shaidu da na dagaci. In kuma an taɓa shari'ar iyaka, ko gwamnati ta biya diyya saboda hanya, to mai yiwuwa an taɓa awo. Ka tuna an cire Jigawa daga Kano ne a watan Agustan 1991, don haka tsohuwar takarda za ka ga tana ɗauke da sunan Jihar Kano. Wannan ba matsala ba ne.

Game da wanda zai yi muku: in don aikin ginin kawai ne, duk wanda ya karanta zanen gine-gine ya isa, ko ɗalibin da ya yi nisa a jami'ar Wudil ko ta Bayero, ko wanda ya gama kwalejin fasaha. In kuwa takardar za ta shiga hannun hukuma ko banki, sai da hatimin akitek, wato ƙwararren mai zanen gini, mai rajista da hukumarsu ta ARCON, na iyaka kuma sai ɗan safiyo mai rajista da hukumarsu ta SURCON. Ka tambayi lambar rajistarsa, wanda ya cancanta ba ya jin haushin wannan tambaya.

Shawarata, tunda katangar arewa ta zube, ku fara da iyaka. Katangar da ta faɗi ita ce shaidar da ta tafi. Duk shekara ruwa yana ƙara baje tushenta, dabbobi na takawa, kuma tsofaffin da suka san inda take suna raguwa. Ranar awo a kira mai unguwa, a kira maƙwabtan kowane gefe su tsaya da ƙafarsu, a kafa turakun siminti a gabansu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Na ga inda taku biyu kacal ya raba zumuncin da aka gada tun kakanni.

Matashin Wudil:

Yaya, kafin ka kashe ko sisi, buɗe Google Earth a wayarka ko kwamfuta ka nemo ƙauyenku. Za ka ga gidan daga sama, kuma akwai wurin awo a ciki, ka ja layi ya gaya maka mita nawa ne. A na kwamfuta har tsofaffin hotuna ana iya komawa a gani, wataƙila ka dace da wanda aka ɗauka kafin ambaliyar, katangar tana tsaye. Ka ɗauki hoton ka tura Fatakwal yau ɗin nan.

Tsohon Ma'aikacin Safiyo:

Ɗana, shawararka tana da amfani, musamman maganar tsohon hoto. Malam ya ajiye shi, zai taimaka wajen tuna wa mutane yadda gidan yake. Sai dai kada a yi lissafin bulo da shi, kada kuma a kafa iyaka da shi. Rufi yake nunawa ba bango ba, inuwar darbejiya tana rufe rabin tsakar gida, rufin ƙasa kuma launinsa ɗaya da ƙasar da ke kewaye da shi. Haka na'urar nuna wuri da ke cikin waya, tana iya kaucewa da mita uku ko biyar, wato faɗin ɗaki guda ke nan.

Magini Ɗan Gado:

Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai nisa ba, yarona ne ya karanta min tambayar, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Gini na gada wajen mahaifina a ƙasar Gaya, na yi na ƙasa, yanzu na bulo muke yi.

Malam, kai malamin makaranta ne, awon nan kai da ƙannenka za ku iya fara shi, wanda za ku ɗauko daga baya ya zo ya tarar an rage masa aiki. Ka sayi tef dogo, mai ƙafa 100, wato kusan mita 30, da ƙarami na aljihu, da igiya, da littafin lissafi mai gida-gida. Mutum uku ake so: biyu na riƙe da tef, ɗaya na rubutu. Ka zaɓi mita ko ƙafa ka tsaya a kan guda. Mu magina da ƙafa muke magana, injiniyoyi da mita, kuma na ga aikin da ya lalace don an rubuta lamba ba a faɗi ko wacce ba ce.

Ka fara zagaya gidan ba tare da tef ba, ka zana shi da hannu yadda idonka ya gani, daga zaure har ƙurya. Sannan ka bi ɗaki-ɗaki. Ga inda mutane ke faɗuwa: suna ɗauka ɗakin ƙasa kusurwarsa a miƙe take kamar ta bulo. Ba haka ba ne. Da ido aka gina shi, sannan an yi ta yaɓe a kan yaɓe shekara da shekaru. Don haka bango huɗu duka za ka auna, ba biyu ba, sannan ka ja tef daga wannan kusurwa zuwa wadda ke kallonta a gicciye, ka sake ja ta ɗaya gicciyen. Da waɗannan shida mai zane zai fitar da ɗakin daidai da karkacewarsa. Tsakar gida ma haka, ka yanka ta gida-gida masu kusurwa uku da igiya, daga bakin rijiya zuwa kusurwar ɗaki, daga nan zuwa ƙofar zaure, kana rubutawa. In kana son ka san ko kusurwa ta miƙe, auna ƙafa 3 a bango ɗaya, ƙafa 4 a ɗayan, tsakaninsu in ya ba ka 5 to daidai take.

Kaurin bango a bakin ƙofa ake gane shi. Ka auna a ƙasa, ka auna daidai kafaɗa, domin bangon tubali gindinsa ya fi kansa kauri, wani gindin ya fi kamu guda. Wannan zai yi muku daɗi daga baya: bulo mai inci 9 ko mai inci 6 bai kai rabin wannan ba, in an rushe za ku ga fili ya ƙaru. Amma a nan rigima take ɓuya. In bangon na haɗaka ne tsakaninku da sashen Baffa, ko da maƙwabci, rarar da ta fito ta wa ce? A yi maganar tun bangon yana tsaye. Kuma ka ɗaga kai ka duba azara. In azarar ɗakin Baffa a kan bangonku ta kwanta, ranar da kuka rushe naku rufinsa zai biyo baya. Ka sa alama a takardar a duk bangon da ke ɗauke da rufi biyu.

Za ka lura tsofaffin ɗakunan ƙanana ne. Ba rowar fili kakanku ya yi ba. Azarar giginya ba ta son ta wuce kamar ƙafa shida ba abin da ya tallafe ta, shi ya sa in ana son ɗaki mai faɗi sai an sa ginshiƙi ko an ɗaura bakan gizo, wato ɗauri mai lanƙwasa da ke tallafe rufi. In zaurenku yana da irin wannan ɗauri, don Allah ku bar shi a tsaye, a gyara indararo a sabunta yaɓe. Masu iya wannan aikin sun kusa ƙarewa, kuma zauren ƙasa ya fi kowane ɗakin kwano sanyi a watan bazara.

Yanzu abin da tef ba zai nuna maka ba, kuma ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Gidan da ya haura shekara sittin an haƙa masai a cikinsa ba ɗaya ba ba biyu ba, in wannan ya cika a rufe a koma gefe. Wataƙila akwai tsohuwar rijiya da aka cike, ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini aka mayar da shara. In fandisho ya hau kan irin wannan wuri, ko buhun siminti nawa aka zuba sai ginin ya zauna ta gefe ɗaya ya tsage. Ni ina zargin tsagar da ke dawowa a ɗakin Inna ma a duba ƙarƙashinta. Ka zaunar da Baffa da Goggo su nuna maka wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, ka sa su a zane.

Ka sa hanyar ruwa: ina yake taruwa, ta wace rariya yake fita, indararon wa ke zuba a ina. Ka nemi tabon da ruwan 2022 ya bari a bango ka auna tsayinsa daga ƙasa, domin daɓen sabon gini sama da nan ya kamata ya tsaya. Ka sa kibiya mai nuna alƙibla, don kada a zana muku banɗaki yana fuskantarta ko yana ba ta baya. Injiniyan da ke Fatakwal ba lallai ya tuna da wannan ba. Ka rubuta nisan rijiya da inda za a haƙa sabon rami, ma'aikatan lafiya mita 30 suke so in fili ya bari.

Magana ta ƙarshe, kada ku jira zane kafin ku fitar da Inna daga ɗakin nan. Bangon ƙasa in ya sha ruwa ta gindi ba ya sallama. A mayar da ita wani ɗakin kafin ruwan farko.

'Yar Gumel:

Sannunku da ƙoƙari. Baba magini, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da bayaninka.

Ɗan'uwa, akwai abin da na karanta a tambayarka da ban ga kowa ya taɓa ba. Ka ce sashenku, sashen Baffa, sashen marigayi, da ƙuryar da Goggo take. Shin an raba gadon kakanku kuwa? In ba a raba ba, to a shari'a babu sashen kowa tukuna. Kowa yana zaune ne inda aka ba shi ya zauna, gidan kuwa na magadan kakanku ne gaba ɗaya, har da Goggo, har da sauran 'yan'uwanta mata da suka yi aure a wasu garuruwa, waɗanda suka rasu a cikinsu bayan kakanku kuma rabonsu ya gangara kan 'ya'yansu. Namiji yana da rabon mace biyu, matan mamaci suna da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, in akwai 'ya'ya, wannan kowa ya sani. Abin da ke rikitarwa shi ne in magaji ya rasu kafin a raba, sai a yi rabo a cikin rabo, abin da malamai ke kira munasakha. Ku naku ya kai nan, tunda mahaifinku da baffanku guda duk sun rasu.

Na faɗi haka ne don mun gani a gidanmu. Yayanmu ya tara kuɗinsa ya gina ɗaki biyu da falo na bulo a gidan mahaifinmu, da kyakkyawar niyya, don tsohuwarmu ta ji daɗi. Babu wanda ya rubuta komai. Da aka zo rabo bayan shekaru, sai aka rasa yadda za a yi: wasu na cewa duk abin da ke cikin gidan gado ne, shi yana cewa guminsa ne. Sai da aka kawo masu ƙima suka yi wa ƙasa kuɗi daban, gini daban, aka nemo maginin da ya yi aikin ya ba da shaida. An gama lafiya, amma har yau akwai 'yan'uwan da gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba, kuma abin yana ci min rai.

Don haka tunda za ku zana gidan, ku zana shi duka, ba sashenku kaɗai ba. A kan kowane ɗaki a rubuta wa ya gina shi, da kuɗin wa, a wane zamani. In ba a tuna shekara ba a ce shekarar da aka yi kaza, ko lokacin auren wane. Wannan ilimin a wurin mata yake. Maza suna fita gona da kasuwa, wasu su tafi cirani, matan gida ne suka san ɗakin da aka yi don amaryar wane, da wanda aka gina da kuɗin saniyar wance. Ba mamaki ka tarar wani ɗakin da kuke kira na mahaifinku da kuɗin awakin Inna aka rufa shi. Ka zauna da Goggo da Inna, ka kunna rikodar waya da izininsu, ka bar su su yi ta ba da labari.

Sannan in za ku kawo mai awo daga waje, a sanar da matan gida tun da wuri, a sa rana, su kintsa. Ba daidai ba ne baƙon namiji ya faɗo har ƙuryar ɗakin matar aure da tef a hannu ba shiri. In da hali ma, cikin ɗakunan ku 'yan gida ku auna, shi ya yi waje da tsakar gida.

Kuma in an zo zanen sabon ginin, a nuna wa Inna kafin a haƙa. Ita ta san inda hayaƙin murhu ke bi, inda take shanya, inda rana ke dukan ɗaki da yamma, da ƙofar da take so ta riƙa hango jikokinta. Na ga gidajen da 'ya'ya suka kashe kuɗi suka yi wa uwa kicin a cikin ɗaki, ita kuwa da itace take girki, ƙarshe ta koma ta kafa murhu a rana.

Ɗan Ƙasar Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Yallaɓai, zan duba akwatin mahaifinmu, yana nan a ɗakin Inna ba a taɓa shi ba. Baba magini, na kira ƙanena na gida na ce a gyara ɗakin da ke kusa da zaure a mayar da ita. Maganar tsohon masai kuwa, da na tambayi Inna ta waya, ta ce lokacin da aka kawo ta gidan, bayan ɗakin nata ne ake zagayawa.

Hajiya, ba a raba ba. Kakanmu ya rasu tun ina ƙarami, aka bar gidan a haɗe, kuma ba a taɓa tayar da maganar ba. A nan damuwata take. Baffa mutum ne mai zuciya, shi ya riƙe mu bayan mahaifinmu, kuma a garinmu in aka ga mutum da tef yana zagaya gidan gado, abu biyu ake kawowa: ko rabo yake nema, ko sayarwa. Ba na so ya ɗauka 'ya'yan ɗan'uwansa sun yi boko sun sami kuɗi za su yanke nasu su ware. Ta yaya zan shigar masa da maganar auna gidan duka, da rubuta wa ya gina me, ba tare da ransa ya ɓaci ba?

'Yar Gumel:

Kada ka je da tef, kada kuma ka yi maganar ta waya. Ka je takanas ka kwana, bayan sallar isha'i in ya zauna a zaure shi kaɗai ka same shi. Ka fara da abin da shi ma yake gani da idonsa: katangar arewa a ƙasa take, ɗakin matar ɗan'uwansa ya tsage. Ka ce kai da ƙanenka kuna son ku gyara, amma ba za ku ɗora ko bulo ɗaya ba sai da izininsa, kuma mai aikin ya ce sai an san inda tsofaffin ramuka suke da bangon da ke ɗauke da rufin wa, shi kuwa babu wanda ya san gidan nan kamarsa. Duk gaskiya ce, ba dabara ba. Ka roƙe shi ya zama shi ne zai kira mai unguwa da maƙwabta, shi zai tsaya a kan awon, shi zai nuna iyaka. In abin a hannunsa yake, ba wanda zai ce 'yan boko sun zo yanka gida.

Maganar rubutu kuma kada ka ɓoye masa dalili. Ka ce kuna so a rubuta cewa ginin da za ku yi da kuɗinku ne, ƙasar kuwa tana nan a matsayinta ta gado har ranar da magada suka ga dama, kuma kuna so a rubuta nasa ɗakunan da ya gina da guminsa haka nan, don kada wata rana a haɗa su cikin rabo a cuci 'ya'yansa. Shi ma yana da wannan fargabar ko bai faɗa ba. In kana jin nauyin bakinka, ka fara biyawa ta wajen limamin garin ko wani aminin mahaifinku, ku je tare. Limamin ne ma zai fi dacewa ya rubuta takardar, ya kuma faɗa muku abin da shari'a ta ce game da gini a kan ƙasar da ba a raba ba, ku ji daga bakin malami tun kafin a sauke yashi.

Goggo kuma ka same ta daban, a ɗakinta, kada ta ji labari a bakin yara. Sauran goggonninku da ke wasu garuruwa a aika musu, ko 'ya'yansu in sun rasu. Ba sai sun zo ba, amma su san an yi. In an gama, zanen da takardar a yi musu fotokofi: ɗaya wajen Baffa, ɗaya wajen Goggo, ɗaya wajen iyalan marigayi, ɗaya ku riƙe, ɗaya a kai wa mai unguwa. Ka ɗauki hotonsu da waya ka tura wa ƙanenka na Fatakwal, tunda garinku ruwa yana shiga.